Sharhi kan saitin kariya daga wutar gogayya da kayan gano matsala ga mai haɗa kwamfuta

Saitin da muke magana a kai shi ne wanda ake sayarwa a dunƙule ga masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu. Kamfanoni da yawa ke yin sa, amma in ka buɗe kwalin kusan abu ɗaya za ka tarar: madaurin hannu mai naɗaɗɗiyar waya da maƙalin ƙarfe mai kama da bakin kada a ƙarshenta, tabarmar roba mai maɓallin ƙarfe a kusurwa, wayar da ke haɗa tabarmar da ƙasa, 'yar lasifika da ake sokawa a madabod (babban allon da sauran sassa ke hawa), sai na'urar gwajin akwatin wuta, wato PSU, mai ɗan gilashi da ke nuna lambobi. A ganinmu kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma duk wanda zai taɓa furosesa ko RAM muna ba shi shawarar ya mallaki irinsa. Sai dai kayan ba darajarsu ɗaya ba. Madaurin da tabarmar suna aiki ƙwarai idan an haɗa su daidai. 'Yar lasifikar da ake rainawa ita ce ke fitar da mutum kunya ranar da kwamfuta ta ƙi tashi. Na'urar gwajin wuta kuwa rabin gaskiya take faɗa.

Jikin mutum yana tara caji duk sanda abu biyu suka gogu suka rabu: takalmi da kafet, riga da kujera, leda da hannu. Wannan ita ce wutar gogayya. Ba a jin tartsatsinta sai ta kai wajen volt 3,000, alhali wasu sassan lantarki ƙasa da volt 100 ya isa ya yi musu illa. Alƙaluman da ƙungiyar ESD Association ke kawowa sun nuna tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska na iya tara volt 35,000, a iska mai laima sosai kuma wajen 1,500. Ka ga ke nan ko a rana mai laima, wadda mutum ba zai ji komai ba, cajin da ke jikinsa ya ninka abin da ke kashe sashe mai rauni sau 15. Fitar cajin ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, amma ta isa ta huda siririn rufin da ke cikin taransista, wanda kaurinsa 'yan nanomita ne kawai.

Gaskiya ne sassan zamani suna da kariya a cikinsu, kuma cif ɗin da aka riga aka lika a allo ya fi wanda ke shi kaɗai juriya. Shi ya sa mutane da yawa ke haɗa kwamfuta hannu tsirara su kwana lafiya. Abin da ke damunmu shi ne ɓoyayyen rauni: sashen bai mutu ba, ya dai ji ciwo. Yau yana aiki, bayan wasu watanni kwamfuta ta fara sanƙarewa ko sake kunna kanta jefi-jefi, babu wanda zai tuna da ranar da aka ɗauki RAM ta wajen haƙoranta na zinariya.

Madaurin hannu

A cikin wayar madaurin, daf da maɓallin da ke manne ta da hannu, akwai rizisto, wato ɗan sashen da ke rage gudun wuta, mai megaohm 1. Shi ne ginshiƙin abin. Yana sa caji ya zurare a hankali maimakon ya fita da tartsatsi, kuma yana kare mai sanye da shi: ko da hannu ya taɓa wuta mai volt 230, abin da zai bi ta wayar bai wuce miliamfiya 0.23 ba. Saboda haka kada wani ya ce zai ɗaura wayar tagulla zalla a hannu ya jona ta da ƙasa. Wannan ganganci ne da rai.

Kafin ka amince da madaurin, gwada shi da maltimita, na'urar awon lantarki. Sa ta a ma'aunin ohm, ɗora tsinke ɗaya a farantin ƙarfen da ke taɓa fata, ɗayan a bakin kada. Ya kamata ka ga kusan megaohm 1. Idan ta nuna sifili, babu rizisto, ajiye shi. Idan ta nuna babu haɗi sam, waya ta tsinke. Kuma kana cikin awon ka riƙa jan naɗaɗɗiyar wayar kana lanƙwasa ta a gindin maɓalli, domin a nan take yawan karyewa ta ciki, robar waje kuwa lafiya lau. In lambar tana tsalle, wayar ta kusa mutuwa. A masana'antu, inda ake bin ƙa'idar ANSI/ESD S20.20, ana auna mutum da madaurinsa gaba ɗaya, kuma dole jimlar ta zama ƙasa da megaohm 35.

Raunin da muka fi gani a irin wannan saiti shi ne ƙyallen roban madaurin, wanda ke saki bayan an daɗe ana amfani da shi. Farantin dole ya kwanta a kan fata, ba kan hannun riga ba, ba kuma yana lilo kamar awarwaro ba. Busasshiyar fata ma tana rage haɗi. Madauri mai ƙarfe irin na agogo ya fi daɗewa, in an samu zaɓi.

Ina za a maƙala bakin kada? A nan mutane suka fi kuskure. Yawancin gidajen kwamfuta na yanzu, wato akwatunan da ake jera sassa a ciki, fenti ne ciki da waje, fenti kuwa ba ya wuce da wuta. Nemi ƙarfe tsirara, misali kan sukurun da ya ɗaure PSU a gidan. Hanyar da aka saba ita ce a ɗaura PSU a gidan, a soka filoginsa a bango, a bar makunninsa na baya a kan O. A haka wuta ba ta shiga, amma wayar ƙasa tana nan a haɗe. Wannan yana aiki ne kawai idan soket ɗin bangon yana da wayar ƙasa ta gaske. In babu, zare filogin gaba ɗaya, ka haɗa madauri da tabarma da gidan kwamfutar wuri ɗaya. Abin da ke kawo tartsatsi shi ne bambancin caji tsakanin hannunka da abin da ka taɓa, to in duk kuna mataki ɗaya, babu abin da zai yi tsalle.

Wasu saitin suna zuwa da madauri marar waya, wai yana watsa caji cikin iska. Ba ya yin komai. Caji sai da hanyar da zai bi, kuma babu ƙa'idar masana'anta da ta yarda da irin wannan madauri. In ka ga shi a cikin kwali, nemi wani saitin.

Kada a sa madauri a buɗe cikin PSU. A gaskiya kada ma a buɗe shi: manyan kafasitocinsa suna riƙe da ɗaruruwan volt bayan an zare filogi.

Tabarmar tana da kyau, muddin ta gaske ce. Samanta ba ya tare wuta kamar robar banza, ba ya kuma wuce da ita da gudu kamar ƙarfe. Tsaka-tsaki ne, tsakanin ohm miliyan 1 da biliyan 1. Masu hawa biyu, da baƙin ƙasa mai wuce da wuta, sun fi sirara masu naɗewa kwanciya a tebur. Cikakken madabod na ATX milimita 305 ne da 244, don haka nemi wadda za ta ɗauke shi har a samu wurin ajiye katin hoto (sashen da ke tura hoto zuwa monita) da RAM a gefe. Shuɗiyar tabarmar silikon da masu lika dalma ke amfani da ita zafi take jurewa, yawancinta ba ta zubar da caji sai in an rubuta haka a jikinta. Kada kuma a goge tabarmar da man goge kayan ɗaki, yana barin wani yauƙi da ke toshe aikinta.

Ledojin da sassa ke zuwa a ciki ma iri biyu ne. Mai ruwan hoda ba ta haifar da caji, amma ba ta tare wanda ya zo daga waje. Mai ruwan azurfa tana da siririn ƙarfe a jikinta, ita ce ke kare abin da ke cikinta, shi ma sai an rufe bakinta. Shimfiɗa ta a tebur a ɗora madabod a kai ba kariya ba ne. In za a kunna madabod a wajen gidan kwamfuta, kwalinsa ya fi dacewa.

Ranar da ta ƙi tashi

Ga abin da muke so mai karatu ya riƙe: cikin kwamfutocin da ke ƙin tashi ranar farko, wutar gogayya ba ita ce abin zargi na farko ba. Yawanci waya ce ba ta shiga ba, ko RAM bai zauna ba, ko wani ƙarfe yana taɓa inda bai kamata ba. Wanda ya yi saurin cewa ya ƙona madabod zai mayar da lafiyayyen kaya a banza. Amfanin madaurin a nan shi ne ya cire maka wannan shakkar, ka mai da hankali kan abin da ya fi yiwuwa.

Idan ka danna makunni ba motsi, ba fanka, ba fitila, fara da makunnin bayan PSU, sannan babban filogi mai ƙafa 24. Yana da tauri, kuma sau da yawa gefe ɗaya ne ke shiga. Sunkuya ka kalle shi daga gefe da tocila: 'yar ƙugiyar robar ta kama haƙorinta ko tana tsaye a sama? Akwai ɗan sarari tsakanin filogi da mazauninsa? In akwai, sa yatsu a ƙarƙashin gefen madabod don kada ya lanƙwashe, ka danna har ka ji ƙas. Daga nan duba ƙananan wayoyin gaban gida. Cire ta makunni, ka taɓa ƙafafu biyun da aka rubuta PWR_SW ko PWR_BTN da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi, matsalar a makunnin gida take ko a inda aka soka wayar.

A nan ne na'urar gwajin wuta ke shigowa. Ka cire duk wayoyin PSU daga sassa, ka soka mai ƙafa 24 da ta furosesa a jikinta, ka kunna. Za ta nuna kowane layi. Ƙa'idar ATX da aka daɗe ana bi ta ba da sassaucin kashi 5 cikin 100: layin volt 12 tsakanin 11.40 da 12.60, na volt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, na 3.3 tsakanin 3.14 da 3.47. Akwai kuma lambar PG, wato lokacin da PSU ke ɗauka kafin ya sanar da madabod cewa wuta ta daidaita, wanda ya kamata ya faɗa tsakanin milisakan 100 da 500. Abu biyu ne ke tsorata sabon hannu a banza. In ba a soka wayar furosesa ba, gurbin 12V2, na wutar furosesa, zai riƙa ƙyaftawa na'urar tana ƙara. Wasu kuma har yanzu suna neman layin volt 5 na ƙasa da sifili, wanda aka daɗe da cirewa daga ƙa'idar, don haka rashinsa ba laifi ba ne.

Inda ta gaza shi ne ba ta ɗora wa PSU nauyi. Akwatin da zai nuna volt 12 cif a kan tebur yana iya durƙushewa da zarar katin hoto ya nemi wat ɗari biyu ko uku. Don haka in ta ce ya mutu, yarda da ita. In ta ce lafiya, abin da ta tabbatar kawai shi ne yana kunnuwa. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif a tsakiyar wasa ko aiki mai nauyi, hanya mafi tabbas ita ce a gwada ta da wani PSU da aka san lafiyarsa. Mai maltimita zai iya samun kusan amsa ɗaya ba tare da na'urar ba, ta hanyar haɗa ƙafa ta 16, mai koriyar waya, da baƙar da ke kusa da ita, ya auna layukan ɗaya bayan ɗaya. Amma a PSU da yawa na yanzu wayoyin duk baƙaƙe ne, kuskuren ƙirga ƙafa kuma abu ne mai sauƙi. Don wannan kaɗai na'urar ta cancanci zama a cikin saitin.

Gargaɗi kan wayoyi, domin ɓarnarsu ta fi ta wutar gogayya sauri. Filogin furosesa mai ƙafa 8, wanda ke rabuwa 4 da 4, da na katin hoto, wanda ke rabuwa 6 da 2, sun yi kama, amma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne. In ya ƙi shiga, kada a tilasta. Wayoyin PSU masu cirewa kuma ba a aron su daga wani akwati, ko da bakin ya shiga daidai, saboda ɓangaren da ke shiga jikin PSU ba shi da ƙa'ida ɗaya tsakanin kamfanoni, wani lokaci har tsakanin samfuran kamfani ɗaya. Ta haka volt 12 ke bi ta inda ake jiran volt 5, SSD ya ƙone nan take. Sabon filogin katin hoto mai ɗaukar har wat 600, wato 12VHPWR da magajinsa 12V-2x6, sai ya shige gaba ɗaya, kuma kada a lanƙwasa wayar daf da bakinsa, domin rabin shiga na sa shi zafi har ya narke.

Idan fankoki suka juya daƙiƙa ɗaya suka tsaya, PSU ne ke kare kansa daga gajeriyar hanya, wato wuta ta haɗu da ƙarfen da bai kamata ba. Mafi yawan lokaci wata ƙafar tagulla ce, cikin waɗanda ake ɗora madabod a kai, ke tsaye a inda madabod ba shi da rami, tana gogar bayansa. Ko kuma sukuru ya faɗa ƙarƙashi. Ƙirga ramukan madabod, ƙirga ƙafafun, su zo daidai. Cikakken ATX yawanci tara ne.

Idan kuwa fankoki suna juyawa amma monita baƙi ƙirin, lokacin 'yar lasifika ya yi. Ana soka ta a wurin da aka rubuta SPEAKER, kusa da wayoyin gaban gida. Ƙara ɗaya gajeriya a yawancin madabod na nufin gwajin farko ya wuce lafiya, ke nan matsalar tana wajen hoto. Jerin ƙararraki dogaye da gajeru kuma ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a duba littafin madabod ɗin. Akwai wata dabara da muke so ƙwarai: cire RAM gaba ɗaya ka kunna. In lasifikar ta yi kukan rashin RAM, albishir ne, domin furosesa da madabod suna raye har sun lura da abin da babu. In shiru, zargi ya koma kan wutar furosesa, ko furosesar kanta, ko BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Madabod da yawa yanzu suna da fitilu huɗu, CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale. Mai irin wannan bai matsu da lasifikar ba, amma ƙananan madabod da yawa ba su da fitilun.

Kafin ka taɓa RAM ko wani kati, kashe makunnin PSU, ka danna makunnin kwamfuta na 'yan daƙiƙoƙi har fitilun madabod su mutu. Layin volt 5 na jiran aiki yana nan a raye ko kwamfuta tana kashe, kuma cire sashe a wannan hali na iya lalata shi, daga baya a ɗora wa wutar gogayya laifi.

RAM ita ce ta fi yawan laifi. A madabod mai rami huɗu, sanda biyu suna shiga rami na biyu da na huɗu daga furosesa, A2 da B2, a mafi yawan samfura. Ana dannawa da ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato, har maƙullan su rufe da kansu. Gwada sanda ɗaya a A2, in ta ƙi ka canza ta da ɗayar. Nau'o'in RAM na DDR4 da DDR5 duk ƙafa 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, ba sa shiga ramin juna. Kuma a yi haƙuri da DDR5, musamman a madabod mai soket ɗin furosesa na AM5: kunnawar farko tana iya ɗaukar 'yan mintuna fitilar DRAM na kunne, madabod yana daidaita kansa da RAM ɗin. Mutane da yawa suna kashewa a tsakiya su ɗauka ta lalace.

Ta wajen hoto, duba inda ka soka wayar monita. In akwai katin hoto, a jikinsa za ta shiga, ba a bayan madabod ba. Furosesocin Intel masu harafin F a ƙarshe ba su da hoto a cikinsu, haka ma Ryzen 5000 in ba masu harafin G ba. Tsohon BIOS ma yana iya ƙin sabuwar furosesa, kamar yadda ya faru da madabod na B450 da Ryzen 5000. Masu maɓallin sabunta BIOS a baya ana iya gyara su da filashi da aka tsara a FAT32, ko babu furosesa a kai. In an taɓa saitin BIOS kwamfuta ta daina tashi, zare wuta, ka cire batirin CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintuna ko ka haɗa ƙafafun goge CMOS, don saitin ya koma na asali.

In duk wannan bai yi ba, fitar da madabod ka ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da na'urar sanyayata, sanda ɗaya ta RAM, PSU, lasifika, da katin hoto in ana bukatarsa. Ka riƙa ƙara sashe ɗaya-ɗaya har matsalar ta dawo. Sai a ƙarshe ake ɗaga furosesa. A LGA1700 da AM5 allurai suna cikin soket, a AM4 kuma suna jikin furosesa. Haska soket ɗin da tocila daga gefe, kana juya hasken a hankali: lafiyayyun allurai suna ƙyalli a jere kamar an taje su, wadda ta lanƙwashe kuwa za ta fito a matsayin ɗan ɗigo mai duhu ko mai walƙiya daban. Allura ɗaya tak tana iya kashe ramin RAM guda biyu. Matse na'urar sanyaya fiye da kima ko ta gefe ɗaya ma yana jawo irin wannan, shi ya sa ake ɗaure sukurorinta gicciye, kaɗan-kaɗan. Kwamfutar da ke tashi ta mutu bayan ɗan lokaci kuma, duba ko an manta ledar da ke manne a gindin na'urar sanyaya, ko fankarta ba ta shiga CPU_FAN ba.

Abin da saitin ya rasa shi ne maltimita, alhali ba tare da ita ba babu yadda za a tabbatar madaurin kansa yana aiki. Muna ba da shawarar a saye ta tare da shi, ko mai sauƙi ce, muddin tana auna har megaohm 20. A haɗa da filashi ɗauke da MemTest86, manhajar gwajin RAM, domin kwamfutar da ta tashi ba lallai RAM ɗinta ya zama lafiyayye ba. A bar gwajin ya yi zagaye huɗu da XMP ko EXPO, saitin BIOS da ke ƙara saurin RAM, a kashe, sannan a kunna a sake. In kuskure ya fito a karo na biyu kaɗai, saurin ne ya yi wa tsarin yawa, a rage shi. In ya fito tun a karon farko, gwada sandunan ɗaya-ɗaya a rami ɗaya, wadda ta ba da kuskure ita za a mayar.